Sunan surukina ya ɓace mini a rajistar coci: mene ne wannan "dit" na mutanen Kebek?

Baban Zainab (Kebek):
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ta Kanada ko suka san tarihinta. Ni mutumin Damagaram ne, matata kuma 'yar Kebek ce, lardin masu Faransanci. 'Yarmu Zainab aka ba ta aiki a lakwal ta zana salsalar gidansu. Ɓangarena na ba ta da ka har kaka na biyar. Ɓangaren uwarta ne ya tsaya mana. Surukina ya haura shekara tamanin, sunan gidansu Beaulieu, ya kuma ce kakansa daga yankin Kamouraska yake, can gaɓar kogin Saint-Laurent. Na bi rajistocin aure har na kai shekarun 1860, daga nan sunan ya ɗauke ɗif. Ba Beaulieu ɗin da ya dace da namu a garin. Amma a wata takarda na ga an rubuta "Hudon dit Beaulieu". Mutum ɗaya ne ko biyu? Tsohon yana so ya ji kafin ƙarfinsa ya ƙare, shi ya sa abin ya dame ni.

Anti Rabi (Monreyal):
Wa alaikumus salam Baban Zainab. Kwantar da hankalinka, ba ka ɓata ba, ka iso daidai ƙofar ne. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin karatu a nan, kusan duk wanda ya zo neman kakanninsa a wannan wurin yake tuntuɓe.

Kalmar "dit" a Faransanci tana nufin "wanda ake ce wa". In mace ce sai a rubuta "dite". To Hudon dit Beaulieu mutum ɗaya ne: Hudon wanda ake ce wa Beaulieu. Hudon shi ne sunan da aka zo da shi daga Faransa, Beaulieu kuma, wato kyakkyawan wuri, laƙabi ne da ya manne. Pierre Hudon dit Beaulieu ya auri Marie Gobeil a garin Kebek a 1676, suka zauna a Rivière-Ouelle, maƙwabtan Kamouraska. Zuri'arsa ta cika yankin nan. Wasu suka riƙe Hudon, wasu suka riƙe Beaulieu, har yau kuma 'yan kaka ɗaya ne.

Abin da ke rikita mutane shi ne limamin coci yana rubuta abin da ya ji ne. Mutum ɗaya za a yi masa baftisma da Hudon, a ɗaura masa aure da Hudon dit Beaulieu, a binne shi da Beaulieu. Wani lokaci ma a juya, a rubuta Beaulieu dit Hudon. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 al'adar ta mutu, kowane gida ya zaɓi ɗaya.

Ɗan Maraɗi (Sherbrooke):
Kai, Anti, Allah ya saka. Ashe abin da muke yi ne a gida. Sunan yanka Abubakar, gari kuwa ya san shi da Garba ko Ɗanlami.

Malam Sani (Katsina):
Ɗan Maraɗi, a bi a hankali. Kamar suna kama, amma ba ɗaya ba ne. Ɗanlami ko Tanko ko Maikuɗi na mutum ne shi kaɗai, in ya rasu ya tafi da shi. Ba a taɓa jin jikokin Tanko duk sun zama gidan Tanko a takarda har shekara ɗari biyu ba. Abin da Hajiya Rabi ta bayyana laƙabi ne da ake gada, yana shiga takardar aure da ta sayen gona. Mu kuma tsarinmu ɗa da sunan uba ne, kowane zamani sunan na canzawa. Su suna da sunan gida tsayayye, sai suka ɗora masa na biyu.

Ɗan Maraɗi (Sherbrooke):
Na yarda Malam, Allah ya gafarta. Amma me ya kai su ga haka tun da suna da sunan gida?

Anti Rabi (Monreyal):
Dalilan da dama ne, amma babban shi ne soja. A rundunar Faransa ta wancan zamani duk ƙaramin soja ana laƙa masa sunan yaƙi. A 1665 Sarki Louis na 14 ya aiko da rundunar Carignan-Salières, mutum kamar 1,200, don yaƙar Iroquois, wata al'ummar 'yan asalin ƙasar. Da aka gama, kimanin 400 suka zauna, aka ba su gonaki. Ku tuna ƙidayar da Jean Talon, jami'in sarkin Faransa, ya yi a 1666 Turawa 3,215 kawai ta samu a ƙasar gaba ɗaya. To ka ga 400 ba ƙaramin kaso ba ne. Suka zauna da sunayensu na bariki. Jolicoeur, mai kyakkyawar zuciya. Sansregret, ba nadama. Lafleur, fure. Tranchemontagne, mai tsaga dutse. Vadeboncoeur, Ladouceur, Latulippe, Sanschagrin. In ka buɗe littafin waya na Monreyal yau duk za ka gan su a matsayin sunan gida.

Wasu laƙabin garin da mutum ya fito ne: Langevin mutumin Anjou, Potvin mutumin Poitou, Picard, Champagne, Breton.

Na uku kuma, wanda ni ya fi burge ni, shi ne yawan haihuwa. Mutanen da suka kafa zuri'a ba su kai dubu goma ba, amma gida ɗaya sai a haifi goma, sha biyu. Bayan zamani uku ƙauye ya cika da masu suna ɗaya. Dole a raba. Dubi gidan Rivard. 'Yan'uwa biyu ne suka zo daga Tourouvre a yankin Perche, Nicolas da Robert. Nicolas aka ce masa Lavigne, Robert aka ce masa Loranger. 'Ya'ya da jikoki suka ƙara rassa: Lacoursière, Lanouette, Dufresne, Laglanderie. Yau mai suna Lacoursière da mai suna Loranger za su zauna a mota ɗaya ba su san tushensu guda ba ne.

Tsohon Soja (Kaduna):
Wannan na bariki ya taɓa ni. Kakana ya yi soja zamanin Turawa, har ƙasar Bama ya je. Sunan mahaifinsa bai shiga takardarsa ba sam. Baturen da ya ɗauke shi ya tambaye shi garinsu, ya rubuta sunansa da sunan garin. Da wannan sunan ya karɓi fansho, da shi aka sa mahaifina makaranta, da shi nake amsawa yau. Saboda haka Malam Sani, ina ganin mu ma in takarda ta shigo laƙabi yana zama gado. Ko manyanmu ka duba, Tafawa Ɓalewa da Shagari sunayen garuruwa ne, ga shi iyalai na amsa su.

Malam Sani (Katsina):
Ranka ya daɗe, a nan ka fi ni gaskiya. Takarda ce ke daskarar da suna. Na janye rabin maganata, amma ina riƙe da rabi: namu sabon abu ne da boko da bariki suka kawo, nasu kuwa ya yi shekara fiye da ɗari biyu yana tafiya da suna biyu a jere.

Baban Zainab (Kebek):
Na gode ƙwarai. To Anti, ke nan in rubuta wa Zainab cewa Pierre Hudon ne kakansu? Na ga wasu sun riga sun zana bishiyar a intanet tun daga shi har ƙasa, in kwafa kawai.

Anti Rabi (Monreyal):
A'a ɗan'uwa, don Allah kar ka yi haka. Nan ne mutane ke faɗawa rami. Ba duk Beaulieu ne Hudon ba. Laƙabin mai daɗin ji ne, gidaje dabam-dabam da ba su haɗa jini ba sun ɗauke shi. Haka Lafleur, haka Lafontaine, haka Laframboise: sojoji da yawa aka laƙa wa suna ɗaya. Da yake naku daga Kamouraska ne, zato mai ƙarfi shi ne Hudon, amma zato ba hujja ba ne. Bishiyoyin da mutane ke liƙawa a intanet kuma wani ke kwafar wani, kuskure ɗaya sai ya yaɗu gida ɗari.

Kar ka bi suna, bi aure. Takardar auren cocin Katolika a Kebek tana faɗin sunan ango, sunan ubansa, sunan uwarsa na gidan ubanta, da cocin garin da suke. Haka ma amarya. To in ka samu auren kakan surukinka, ka samu sunayen iyayensa biyu. Sai ka nemi auren waɗannan biyun. Sunan mijin zai iya sauyawa, Hudon yau Beaulieu gobe, amma sunan matar yana nan. Ita ce igiyarka. Ka nemi mace mai wannan suna da ta auri Hudon ko Beaulieu a yankin a shekarun da suka dace. Haka za ka riƙa hawa, aure bayan aure, har ka kai wanda ya sauko daga jirgin ruwa.

Abu ɗaya da za ka kiyaye: in ango bazawari ne, sau da yawa ba a rubuta iyayensa, sai a ce mijin marigayiya wance. Dole ka koma aurensa na fari.

Maman Ihsan (Lewiston, Amurka):
Anti, tsaya. Kina nufin matansu ba sa komawa sunan miji? Na ɗauka duk Turawa haka suke yi.

Anti Rabi (Monreyal):
A bakin mutane ana iya kiranta da sunan miji, amma a rajistar coci da takardun notaire, wato mai rubuta yarjejeniya da hatimin hukuma, mace tana nan da sunan gidan ubanta daga haihuwa har kabari. Al'adar dokar Faransa ce. Tun 1981 ma dokar Kebek ta tabbatar da shi, mace ba ta sauya suna don ta yi aure. Wannan ne ya sa bin nasaba a nan ya fi sauƙi a kan wuraren da ke bin tsarin Ingila, inda mace ke shigewa cikin sunan miji a rasa ko 'yar wa ce.

Malam Sani (Katsina):
Wannan kam ya yi daidai da abin da muka sani. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira mutane da sunan ubanninsu, malamai kuma sun kwaɗaitar a san nasaba saboda sada zumunci. Baban Zainab, aikin da kake yi wa surukinka zumunci ne, Allah ya ba da lada.

Maman Ihsan (Lewiston, Amurka):
Bari in kawo muku abin da nake gani a nan jihar Maine. Ni ma'aikaciyar jinya ce, tsofaffi nake kula da su. Da yawa in ciwo ya yi tsanani sai su koma Faransanci, alhali sunansu na Ingilishi ne. Wata tsohuwa ta ce mini sunan gidansu King, amma kakanta Roy ne, wato sarki. Kakanninsu sun sauko daga Kebek aikin masaƙun auduga. Tsakanin 1840 da 1930 mutum wajen 900,000 suka ƙetaro Amurka, zuwa garuruwa irin su nan Lewiston da Lowell da Fall River da Manchester da Woonsocket. Akawun masaƙa bai iya Faransanci ba, sai ko dai a fassara sunan ko a rubuta shi yadda kunne ya ji. Leblanc ya zama White, Boisvert ya zama Greenwood, Lapierre ya zama Stone, Boulanger ya zama Baker, Courtemanche ya zama Shortsleeves. Na kunne kuma Benoît ya zama Benway, Gauthier ya zama Gokey.

Abin tausayi shi ne wasu da kansu suka sauya, saboda wulaƙancin da ake yi wa mai Faransanci a lokacin. Tsohuwar nan ta ce a makaranta an hana su yarensu. Jikokinta ko kalma ɗaya ba sa ji. In na tuna 'ya'yana da Hausarsu sai jikina ya yi sanyi.

Anti Rabi (Monreyal):
To haɗa biyun ki gani. Mutum a Amurka sunansa Young. Kakansa Lajeunesse ne. Lajeunesse kuma laƙabi ne, akwai wani sunan a ƙarƙashinsa. Sai ya ɓare ɓawo biyu kafin ya kai ƙwaya. Akwai ma wanda ya bi ta ɗaya hanyar: Matthias Farnsworth yaro ne Bature ɗan Massachusetts da aka kama a 1704 aka kawo Kanada, ya zauna ya yi aure. Bakin Faransawa ya kasa furta sunan, ya koma Phaneuf. Duk Phaneuf na Kebek daga gare shi suke.

Ɗan Maraɗi (Sherbrooke):
Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda takardun suka rayu. A gidanmu ko takardar haihuwar kakana babu.

Anti Rabi (Monreyal):
Rajistar cocin Notre-Dame ta Kebek tana farawa daga 1621. Gobara ta cinye ta farkon a 1640, aka sake rubuta abin da aka iya tunawa. Daga 1679 aka wajabta kwafi biyu, ɗaya a coci ɗaya a hannun hukuma, in wuta ta ci ɗaya ɗayan na nan. Ko da Ingila ta karɓe ƙasar bayan yaƙin 1759 da yarjejeniyar Paris ta 1763, tsarin bai tsaya ba. Rajistar coci ita ce rajistar hukuma har 1994.

Sannan an samu masu haƙuri. Wani limamin coci, Cyprien Tanguay, ya bi rajistocin ya fitar da ƙamus na iyalai mujalladi bakwai tsakanin 1871 da 1890. Akwai kurakurai a ciki, aikin hannu ne na mutum ɗaya, shi ya sa ake gwada shi da na René Jetté na 1983 wanda ya tsaya a 1730. Cibiyar Drouin ta ɗauki hoton rajistocin a shekarun 1940. Jami'ar Monreyal kuma tun 1966 take da shirin PRDH, inda aka haɗa kowane mutum da iyayensa da matarsa da 'ya'yansa. Baban Zainab, PRDH yana haɗa laƙabi da sunan asali, ka fara da shi. In ba ka son biyan kuɗi, je ɗakin adana tarihi na BAnQ da ke nan garinku, ko ɗakin karatun unguwa, ka tambaya.

Hadiza B. (Yamai):
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ina so in ɗan saɓa wa yabon da ake yi wa takardun nan. Takarda tana riƙe wanda mai alƙalami ya ga dama ne. An yi bauta a Kanada har 1834. Masanin tarihi Marcel Trudel ya ƙirga bayi kimanin 4,200 a Kebek, kashi biyu cikin uku 'yan asalin ƙasar ne da ake kira Panis, sauran baƙar fata. Ya aka rubuta su? Suna ɗaya tal na baftisma, sai "na wane". Ba uba, ba uwa, ba gari. Bawan farko ɗan Afirka da aka sani a can yaro ne da aka kawo Kebek a 1629. Aka sa masa Olivier Le Jeune, Le Jeune ɗin sunan limamin da ya koyar da shi ne. Ya rasu a 1654. Sunan da uwarsa ta raɗa masa bai shiga ko wace rajista ba. Marie-Joseph Angélique kuma, da ba don an zarge ta da gobarar Monreyal aka rataye ta a 1734 ba, da ba mu san labarinta ba.

Sojan da aka ce wa Lafleur ya riƙe sunan ubansa ya ƙara na biyu. Waɗannan an cire nasu ne aka ɗora wani. Ban yarda a kira su al'ada ɗaya ba.

Malam Sani (Katsina):
Malama Hadiza, maganarki gaskiya ce, ba wanda zai musa. Amma mu ma kar mu wanke kanmu. Maroƙanmu da masu kirari suna riƙe salsalar sarakuna da malamai da attajirai. Wa ya riƙe ta bayin da aka tara a rinji? Baki ma yana zaɓen wanda zai tuna, kamar alƙalami. Bambancin shi ne a takarda ko sunan nan guda ya saura har wani ya zo bayan shekara ɗari biyu ya ƙirga.

Hadiza B. (Yamai):
Ban wanke mu ba Malam. Abin da nake gudu shi ne Zainab ta tashi tana ganin ɓangaren uwarta ne mai tarihi saboda yana da hatimi, na ubanta kuma tatsuniya. Kaka biyar da Baban Zainab ya kawo da ka, su ma hujja ne. Ya rubuta su da wanda ya faɗa masa da ranar da ya ji.

Anti Rabi (Monreyal):
Na goyi bayan Hadiza a duka biyun. In ƙara da matan 'yan asalin ƙasa. Akwai auren da aka rubuta, kamar na Martin Prévost da Marie Manitouabeouich a 1644, amma irinsu kaɗan ne a kwarin Saint-Laurent. Can yamma wajen masu fataucin fatu an yi aure da yawa bisa al'adar mutanen wurin, ba limami ba rajista. Gidaje da yawa a nan suna da labarin wata kaka 'yar asalin ƙasa, in aka bincika wani lokaci a same ta, sau da yawa kuma a tarar 'yar Faransa ce. Mata kusan 770 da sarki ya biya wa kuɗin jirgi tsakanin 1663 da 1673, waɗanda ake kira 'ya'yan sarki, su ne kakannin mafi yawan mutanen nan. Ba jinin sarauta ba ne, yawancinsu marayu ne da 'ya'yan talakawa.

Baban Zainab (Kebek):
Jama'a na dawo. Jiya na ɗauki surukina muka je tare. Na bi shawarar Anti, na bar sunan namiji na bi na matar. Cikin awa ɗaya muka samu auren. An rubuta angon Hudon kawai, babu Beaulieu, amma amaryar ita ce, iyayen kuma sun dace. Muka ƙara hawa aure biyu, duk a Rivière-Ouelle da kewaye, wani Hudon, wani Hudon dit Beaulieu. Tsohon ya sa tabarau ya daɗe yana kallon shafin. A ƙasan wata takarda limamin ya rubuta cewa ango da ubansa sun ce ba su iya sa hannu ba. Ya ce in karanta masa wurin sau biyu. Ya ce yana yaro akwai 'yan Hudon a layinsu, suna wasa tare, ba wanda ya taɓa ce musu dangi ne.

Malama Hadiza, na ji maganarki. Na kira babbar yayata a Damagaram, ranar Juma'a za ta zauna da gwaggonmu ta ɗauko mini muryarta a waya.

Saura matsala ɗaya. A zamani na gaba na tarar da Joseph biyu, uba ɗaya uwa ɗaya, tsakaninsu shekara uku. Wanne ne namu?

Anti Rabi (Monreyal):
Madalla, na yi murna ƙwarai, ka gaishe da Baba. Joseph biyun nan, fara duba rajistar jana'iza tsakanin haihuwar na farko da ta na biyu. Yara suna mutuwa da yawa a lokacin, kuma al'adarsu ce in yaro ya rasu a mayar wa ƙaninsa sunan. In ka ga an binne na farko, to na biyu ne naku. In ba ka gani ba, mai yiwuwa duk sun rayu, domin Joseph ga maza da Marie ga mata kusan kowa ana sa masa, sai a riƙa kiran yaro da wani sunan a gida, sau da yawa na uban baftismarsa. Sai ka duba shekarun da aka rubuta a takardar rasuwar naku, ka kuma nemi yarjejeniyar aurensa wajen notaire, can ana jera 'yan'uwan da suka halarta da sunayensu. Ka turo mini hoton shafukan biyu ta akwatin saƙo, rubutun limaman ƙarni na 18 sai wanda ya saba, zan karanta maka da daddare in na taso daga aiki.